Ganyen mastad ya ƙi ni har sau biyu, dan Allah masu lambu ku ba ni shawara

Mai tambaya, Sabuwar Unguwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka, ya gida ya yara ya kuma ɗan sanyin da ya fara leƙowa da asuba. Dan Allah ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, abin ne ya tsaya mani a rai kuma na san cikinmu akwai waɗanda suka san ƙasa suka san shuka.

Maigidana ya yi karatu a arewacin Indiya, to tunda ya dawo duk sadda ɗari ya shigo sai ya yi zancen wani ganye da suke ci can wai shi mastad, ana dafa shi da alayyahu ya yi lugub a ci da wata gurasar masara. Ya nema Kasuwar Gwari ya nema babbar kasuwa babu wanda ma ya san shi. Bara wani abokinshi da ya je can ya taho mashi da irin cikin 'yar leda, ƙwayoyi ne ƙanana mulmulallu masu ruwan ƙasa, ko ƙwayar gero ba su kai ba. Ni kuma dama ina da ɗan fili bayan kicin, bai fi taku biyar da taku uku ba, akwai zogala ɗaya da yakuwa da alayyahu kuma duk suna yi lafiya lau, sai na ce mashi ya bar mani ni zan shuka mashi.

Shukar farko watan 4 na yi ta. Na sassaƙe ƙasa na watsa irin yadda nike watsa na alayyahu na rufe, ina ba shi ruwa safe da rana da yamma saboda zafin da ake. Kwana biyar ya fito cunkus kamar gashi, na yi ta murna har hoto na tura ma maigida yana wurin aiki. Kafin sati biyu sai na ga suna ta tsawo sirara, can ƙasan wuyansu daidai inda ya taɓa ƙasa ya tsuke ya yi baƙi kamar zare, sai su kife. Ɗan abin da ya rage ƙadangaru suka gama da shi cikin wuni ɗaya.

Na ce ko zafi ne, bari in jira ruwa. Watan 8 tsakiyar marka na sake watsawa, ruwan sama ya bubbuge rabi ya kwashe wasu ya tara su bakin rariya, guda goma ne suka tsaya. Ganyen bai kai tafin hannun yaro ba sai kawai kara ya fito daga tsakiya ya yi sama ya fidda fure rawaya, na tsinki ganyen na tauna ɗaci da wani yaji mai hawa hanci har hawaye, ga huji-huji ko'ina, da na juya bayan ganyen sai ga 'yan tsutsotsi kore.

Yanzu muna ƙarshen watan 10 kuma abin da ya rage mani bai fi cikin cokalin shayi ɗaya ba. Maigida bai ce komai ba wallahi, cewa ma ya yi ƙila ƙasarmu ce ba ta karɓe shi ba in bar wahalar da kaina, amma ni ina so ko sau ɗaya ne in dafa mashi abin nan daga bayan ɗakinmu. Yaushe ya kamata in shuka? A ƙasa ko a buhu? Wane taki? Ya zan yi da ƙadangaru da tsutsar nan? Ko dai da gaske ba ya yi a Katsina in haƙura? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Maman 'yan biyu:

Wa alaikumus salam, ina nan ina biye da ku don ni ma latas ya yi mani irin wannan kifewar ta wuya.

Baba mai lambu, Ajiwa:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Kar ki haƙura, ƙasa ba ta ƙi shi ba, lokaci ne kika saɓa. Tun ina yaro nike bin mahaifina lambu nan bakin dam, kabeji, latas, karas, lansir, duk kayan sanyi ne, ba wanda zai zuba irinsu watan 4 ya ga alheri. Ke kin ɗauke shi kamar alayyahu, shi kau alayyahu ɗan zafi ne, rana na dukanshi yana ƙara jin daɗi. Kin ce maigidanki da ɗari yake tuna ganyen nan, to ai amsar tana nan cikin maganarshi, can ma da sanyi suke cinshi don da sanyi yake yi.

Yanzu ne ma lokacinshi ya zo. Ki bari a shiga watan 11 da kamar kwana goma, in kin ga iska ta juyo daga gabas, leɓe ya fara tsagewa, yara sun fara neman rigar sanyi da safe, to ki zuba. Daga nan har farkon watan 1 duk lokacin shuka ne.

Sannan watsawa da kike yi ki daina, ƙaramin iri in aka watsa shi da hannu haka nan tsibi yake yi wuri ɗaya ya kashe junanshi. Mu in za mu zuba irin latas ko lansir cuɗa shi muke da busasshen rairayi, iri kashi ɗaya rairayi kamar kashi goma, sai ya barbazu daidai. Ki yi ɗan fangali ki daidaita shi kar ruwa ya kwanta gefe ɗaya, ki jiƙa shi tun daren jiya, da safe ki zuba, ki barbaɗa ƙasa mai laushi sama-sama, ki rufe da busasshiyar ciyawa ko tsohon buhun algarara. Ranar da kika ga kai ya fara ɓullowa ki ɗauke rufin a ranar, in kika bar shi ya kwana biyu a duhu shi ne yake yin tsawon banzan nan.

Malamin gona mai ritaya, Ƙofar Ƙaura:

Baba ya gama magana kan lokaci, bari in ɗan ƙara bayani don Hajiya ta gane abin da ya faru da ita, in ta gane ba za ta maimaita ba. Mastad dangin kabeji ne, lansir ɗinmu ma gidansu ɗaya, in kin lura da furen da ya yi maki za ki ga kunne huɗu gare shi a gicciye, haka duk danginsu suke. Ya fi jin daɗi in yanayi na tsakanin digiri 15 zuwa 25. To Katsina a watan 4 rana takan kai 40, kin ga ba wurinshi ba ne. Da hunturu kuwa dare da asuba sukan sauko ƙasa da 20 sosai, shi ya sa yake sakewa ya buɗe ganye.

Kifewar wuyan nan cuta ce ta cikin ƙasa, wata irin fumfuna ce da take kama tsiro in ya yi cunkoso kuma ƙasa ba ta shan iska saboda yawan ruwa. Ban ruwa sau uku a rana, ga zafi, ga shuka a cushe, duk abin da cutar take so kin haɗa mata ba da saninki ba. Wanda ya kife ba ya tashi, maganinta kawai a hana ta zuwa. Furen da ya yi da wuri a watan 8 kuma wahala ce, shi wannan ganye in ya ji takura, zafi ne ko jiƙa ko matsi ko ƙishi, sai ya bar yin ganye ya yi sauri ya fidda iri, kuma da zarar karan fure ya tashi ganyen ya ƙara ɗaci da yaji ke nan.

Kafin ki taɓa ƙasa ki fara gwada irin. Ki ƙirga ƙwaya 10, ki jera su kan ɗan tsumma mai tsabta da kika jiƙa kika matse, ki ninke ki sa a leda ki aje inuwa cikin ɗaki, ki riƙa leƙawa kar ya bushe. Zuwa kwana biyar ko bakwai ki ƙirga nawa suka fasa. Bakwai ko takwas iri na da kyau. In uku ko huɗu ne sai ki riƙa sa da ɗan yawa a kowane rami. Irin dangin kabeji yakan yi shekara uku zuwa huɗu da ranshi in an aje shi a bushe ba a wurin zafi ba, don haka na bara bai kamata ya mutu ba sai in kusa da murhu ya zauna.

Kuma ki kwantar da hankalinki kan cokali ɗayan nan, ƙwayoyin da ke ciki ɗaruruwa ne masu yawa, filinki kuwa ko tushe 40 ya ishe shi. Inda zan ɗan saɓa da Baba shi ne tunda irin ba mai samuwa ba ne a kasuwa, ni ba zan ce ki barbaɗa ba. Ki ja layi da tsinke, tsakanin layi da layi santimita 30, a kan layin ki riƙa sa ƙwaya biyu ko uku duk bayan taƙi ɗaya, zurfin kar ya wuce santimita 1, wato kamar rabin gaɓar yatsa. In ya yi zurfi ƙaramin iri ba ya da ƙarfin huda ƙasa. Kwana huɗu zuwa bakwai zai fito. In ya yi ganyen gaskiya uku ko huɗu, ban da kunnuwan farkon nan biyu masu kama da zuciya, sai ki yi cira ki bar guda ɗaya mafi ƙarfi a kowane wuri. Nan ne mata da yawa suke kasawa, tausayi ya hana su cirewa, to in ba ki cire ba duka za ki rasa. Wanda kika cire ma ba asara ba ne, ci ake yi.

Kar ki shuka duka rana ɗaya. Ki raba uku, yau kaɗan, bayan sati biyu kaɗan, bayan wasu sati biyun kaɗan, ki kuma ɓoye wani abu a kwalba saboda tsaro.

Mai tambaya:

Allahu akbar, Baba na gode, Malam na gode Allah ya ƙara girma. Wallahi ledar irin kan kantar kicin take tun bara kusa da risho, yanzu na tashi na ɗauke ta na kai ɗaki, gabana sai faɗuwa yake. Na jiƙa tsumma na sa goma. Batun taki fa? Ina da kashin awaki na maƙwabta da na kajina guda shida.

Uwargida daga Daura:

Sannu 'yar uwa, ni a buhu nike komai nawa don gidanmu siminti ne ko'ina kuma ruwa saye muke wurin 'yan garuwa, shekara huɗu ke nan ina latas da lansir da kabeji haka, kuma na ga buhu ya fi ƙasa sauƙin tsaro don in rana ta yi yawa jan abinki kike ki kai inuwa. Ki samu buhun shinkafa ki naɗe bakinshi ya dawo rabi, ki huhhuda ƙasan da wuƙa wuri kamar goma don ruwa ya riƙa fita, ki zuba ƙasa ta kai taƙi ɗaya da rabi ya isa, saiwarshi ba ta nisa. Ƙasarmu ta nan rairayi ce ba ta riƙe ruwa, ni ƙasa kwano biyu nike sawa taki kwano ɗaya in cuɗa sosai in jiƙa in bar shi sati ɗaya kafin shuka. Buhu ɗaya tushe uku ko huɗu kar ki ƙara.

Takin kuma na awakin za ki ɗauka amma wanda ya kwana biyu, wanda in kin murza shi yake rugujewa kamar gari ba wari. In kin tura hannu cikin tsibin kika ji ɗumi bai nuna ba. Na kaji ɗanye dan Allah kar ki kusantar da shi, ƙone tsiro yake tas, na taɓa yin asarar buhu biyar na latas a kanshi, ki tara shi gefe ki riƙa yayyafa ruwa ya yi wata biyu uku tukuna.

Ƙadangaru kuwa tsohon gidan sauro shi ne maganinsu, ki kafa kara huɗu ki lulluɓa ki danne gefen da duwatsu ko bulo kar ki bar ko ƙofa ɗaya don ta ƙasa suke shiga, yana hana kaji yana hana tsuntsaye da fara kuma rana da iska suna ratsawa. Ban ruwa ki samu gwangwanin madara ki huda ƙasanshi da ƙaramar ƙusa ki riƙa yayyafi da shi, in kika kwara da buta ko kofi iri zai tono. Sau ɗaya da safe ya isa, iskar hunturu tana busar da sama ki ɗauka ƙishi yake ji alhali ƙasan da danshi, ki tura yatsa ki ji tukuna, in ya bushe har gaɓa ɗaya ki ƙara da la'asar. Ruwan wankin shinkafa da na alwala duk ina zubawa, na omo ne da na wanke-wanke mai maiƙo ba na sawa. Ki aje su inda hantsi ke bugawa su sha rana zuwa azahar, ko awa biyar suka samu ya yi.

Wani matashi daga Rafin Daɗi:

Anti batun tsutsa ba wani dogon zance, ki sai fiya-fiya ki ɗiga a ruwa ki fesa, ko ɗaya ba za ta rage ba. Ki watsa takin yuriya kuma cikin sati zai yi kore shar.

Uwargida daga Daura:

Haba ƙanena, ganyen da za a sa a baki yara su ci? A'a wallahi.

Malamin gona mai ritaya:

Ɗana na san da kyakkyawar niyya ka faɗa amma wannan shawara ka janye ta. Fiya-fiya guba ce mai ƙarfi, ba a yi ta don ganyen da za a tsinka yau a ci gobe ba, balle wanda ake ci ɗanye, balle a tsakar gida inda yara da kaji suke yawo. Kuma tsutsar da Hajiya ta gani, in ita ce 'yar ƙaramar koren nan da in ka taɓa ta take mutsu-mutsu da baya ta sauko tana lilo da zare, masu kabeji sun san ta, ta yi suna wajen jure maganin feshi. Wani ƙaramin malam buɗe littafi ne mai ruwan toka yake zuwa da yamma ya yi ƙwai a bayan ganye, gidan sauron da 'yar uwarmu ta Daura ta faɗa in an rufe shi da kyau tun ranar shuka shi kaɗai ya rage rabin matsalar. Sauran kuma tushe 30 ko 40 ne fa, kowace safiya a juya ganye a cire da hannu a ba kaji.

In abin ya yi yawa ko darɓa ta sauka, ƙananan ƙwarin nan masu taruwa a toho su sa ganye ya nannaɗe yana danƙo, ga bedi nan kowace unguwa. A samu busassun 'ya'yanshi a fasa a daka ƙwayar, kamar giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da tsumma, a ɗan goga sabulun wanki kaɗan don ya kama ganye, a fesa da yamma har bayan ganyen, bayan sati a sake. A bar kwana biyu uku kafin a tsinka kuma a wanke sosai don ɗacin bedi. Yuriya ba laifi ba ce amma ba a watsa ta kan ganye, in an ga ya yi fari-fari ba ya ci gaba sai a narka cokalin cin abinci ɗaya a ruwa lita 10 a zuba a gindi. In takin awakin ya nuna da kyau ƙila ma ba za a buƙace ta ba.

Wani matashi daga Rafin Daɗi:

Na gode Malam, na janye. Allah ya huci zuciyarku, a gonar wake na ga ana yi shi ya sa.

Maman 'yan biyu:

Dan Allah tambaya, wai shi ne hardal ɗin da ake saidawa a shagunan magungunan Musulunci? In shi ne ai sai mu ma mu saya mu shuka.

Malamin islamiyya, Ƙofar Soro:

Shi ne, hardal sunanshi da Larabci, kuma sau biyu aka ambaci ƙwayarshi a Alƙur'ani mai girma, Suratul Anbiya aya ta 47 da Suratu Luƙman aya ta 16, ana buga misali da ƙanƙantarta. Da Hajiya za ta ba ni ƙwaya biyar in nuna ma ɗalibaina su gani da idonsu da na ji daɗi ƙwarai, don kullum fassara muke masu ba su taɓa gani ba.

Malamin gona mai ritaya:

Na shago zai iya tsirowa in ba a soya shi ba kuma bai tsufa ba, a gwada da tsumma a gani. Sai dai akwai wanda ake nomawa don ƙwaya da mai, akwai wanda ake nomawa don ganye. Na ƙwaya yawanci ganyenshi ƙanana ne da ɗan kaushi kuma yana saurin fure, gara a ci shi yana ɗan sati uku. Mai ƙwaya rawaya ma yawanci wani jinsi ne daban da mai ruwan ƙasa irin na Hajiya.

Hajiya mai abincin saidawa, Ƙofar Marusa:

Ni ta wajen tukunya zan shigo. Na ci shi a Makka wurin wasu 'yan Pakistan da muka zauna masauki ɗaya har na tsaya na ga yadda suke yi. Yajin nan da ya hau maki hanci halinshi ne, kamar dai lansir amma ya fi shi ƙarfi, kuma wuta na kashe shi, in ya dahu sai ɗan ɗaci-ɗaci mai daɗi ya rage. Su yanka shi suke da yawa su haɗa da alayyahu su dafa a ƙaramar wuta ya daɗe har ya narke, su tuƙa da ɗan garin masara ya yi kauri, sannan su soya albasa da tafarnuwa da citta da tarugu a man shanu su juye a kai. Kin ga duk kayan muna da su. Ki yanko da yawa fa don in ya ji wuta cikin kwando ɗaya komawa yake ɗan kwano.

Ƙananan da za ki cire wajen cira kuma kwaɗo za ki yi, ƙuli da tumatur da albasa da ɗan mai, ki haɗa da latas ko dafaffiyar zogala don ya sassauta. Manyan in sun yi maki ƙarfi ki tafasa ruwa ki tsoma minti biyu ki zubar da ruwan, sai ki sa a miyar gyaɗa ko fate ko dambu. Kuma kar ki tumɓuke tushe gaba ɗaya, ganyen gefe za ki riƙa tsinka da safe ki bar na tsakiya, daga kwana 40 zuwa 45 za ki fara samun manya kuma zai yi ta ba ki har zafi ya shigo.

Ma'aikaciyar jinya:

Ƙarin bayani kaɗan, ganyen yana da bitamin K sosai, duk wanda yake shan maganin tsinka jini irin wafarin ya gaya ma likitanshi kafin ya maida shi abincin kullum. Sauran mutane a ci lafiya.

Baba mai lambu, Ajiwa:

Ɗiyata abu ɗaya da ba a faɗa ba kuma shi ya fi damuna, iri. Kar ki sake ki koma jiran wani ya je Indiya. Cikin shukar farko ki zaɓi tushe uku mafiya kyau ki ɗaura masu zare, waɗannan ba na miya ba ne, kar ki yawaita tsinkarsu. Kuma kar ki ɗauki iri daga wanda ya riga kowa fure, wanda ya yi jinkiri shi ake so, don ɗa halin uwa yake ɗauka. Wajen ƙarshen watan 2 in zafi ya fara za su yi kara su yi fure, lokacin ki yaye masu gidan sauro ƙudan zuma su samu shiga. Za su yi 'yan kwanso sirara, in sun koma ruwan ƙasa kin girgiza kin ji suna ƙara ki yanke karan da sassafe kar ki jira su bushe ƙarau a tsaye, fashewa suke iri ya zube. Ki sa a tsohon zane ki rataye a inuwa sati ɗaya, ki murza, ki sheƙe a faifai, ki zuba a kwalba mai murfi ki aje ɗaki mai sanyi. Tushe uku za su ba ki abin da ya ninka wanda aka kawo maki.

Mai tambaya:

Salam 'yan uwa, yau kwana shida, na buɗe tsumma takwas sun fasa sun fiddo 'yar farar saiwa, Alhamdulillah har sai da na yi ƙwalla. Na haɗa buhu huɗu da takin awaki na jiƙa, na kuma gyara rabin filin, zan gwada duka biyun in ga wanda ya fi. Malam na Ƙofar Soro in sha Allah maigida zai kawo maka naka bayan sallar Juma'a.

Mai tambaya:

Na dawo da labari. Yau kwana 24 da shuka. Na buhu sun fi na ƙasa girma, ina jin don sun fi samun hantsi ne, na ƙasan inuwar katanga tana rufe su da wuri. Ko ɗaya bai kife ba wannan karon. Ƙadangare ɗaya ya samu shiga ta inda bulo ya goce ya cinye tushe biyu, na toshe. Cirar ce ta ba ni wuya kamar yadda Malam ya faɗa, na tsuguna na fi minti goma ina kallonsu kafin na iya cire na farko, amma na daure na bar ɗaya ɗaya, kuma cikin kwana uku na ga waɗanda suka rage sun baje. Wanda na cire ya cika ƙaramin kwano, na wanke na yi kwaɗo da ƙuli yadda Hajiya ta ce. Maigida ya dawo da magariba ban ce mashi komai ba na aje mashi, ya ɗauki ganye ɗaya ya tauna ya yi shiru, sai ya ce a ina kika samu, na kama hannunshi na kai shi bayan kicin da fitilar waya na ɗaga mashi gidan sauron. Ya daɗe a tsugune yana shafa ganyen.

Na yi shuka ta biyu shekaranjiya, na kuma ɗaura jan zare a tushe uku. Baba tambaya ɗaya, biyu daga cikin masu zaren a buhu ɗaya suke, in raba su ko in bar su?

Baba mai lambu, Ajiwa:

Ki bar su ɗiyata kar ki taɓa saiwar, sauran da ke cikin buhun za ki cinye su ba su wuri. In karan ya yi tsawo ki kafa mashi sanda ki ɗaure saboda iska.

Uwargida daga Daura:

Masha Allah 'yar uwa, ni dai na riga kowa kamu, in iri ya nuna a sa mani cokali ɗaya a takarda a ba direban Daura, zan aiko maki da na lansir ɗina.